Ido Ke Zane Kafin Hannu

Ɗana, Mahaifinka ya zo mini da maganarka. Ya ce tun da ka gama sakandare ba ka da abin yi sai zane, dare da rana kana duƙe a kan waya da takarda, har ka ce masa sana'ar katun za ka yi, jira kawai kake a saya maka kwamfuta ka bar Kiyako ka nufi Kano ko Legas. Ya roƙe ni in yi maka faɗa, tunda ni na bi wannan hanya. Ba faɗa zan yi maka ba. Da zane na ci, da shi na sha, da shi na aurar da 'yan'uwanka, don haka ba ni da bakin kushe shi. Abin da ke wurina shawara ce, na kuma fi son in rubuta maka ita don ka riƙa komawa kanta.

Na duba zane-zanen da ka aiko mini ɗaya bayan ɗaya. Allah ya ba ka hannu, wannan babu tantama. Layinka ba ya rawa, ka san inda haske ke faɗawa da inda inuwa ke kwanciya. Sai dai na nemi mutum ɗaya da na sani a cikinsu na rasa. Samarin duk masu gashi a tsaye ne da dara-daran idanu irin na katun ɗin Japan, 'yan matan babu kitso babu kallabi, gidajen na gilashi, titunan babu ƙura, babu akuya, babu mai tura kurar ruwa. Ka iya zana abin da wasu suka gani. Abin da ya rage maka, kuma shi ne babba, ka koyi zana abin da kai ka gani. Kayan aro ba ya rufe katara.

Malaminka na farko yana nan kusa da kai, tafiyar da ba ta kai ta gajiyar da mai babur ba. Ka shiga Birnin Kudu ka nemi a kai ka Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu. A jikin rumfunan duwatsun nan akwai zanen shanu da waɗansu mutane suka yi tun zamanin da ko sunayensu ba su iso gare mu ba. A tsakiyar shekarun 1950 Bernard Fagg, Baturen da ke kula da gidan tarihi na Jos, ya zo ya yi nazarinsu tare da duwatsun nan masu amon ƙarfe idan an ƙwanƙwasa su, daga baya gwamnatin tarayya ta sa su cikin kayan tarihin ƙasa. Idan ka je, kada ka tsaya ɗaukar hoto da waya kawai. Ka dubi bayan shanun da kyau, za ka ga ba su da tozo. Wasu dogayen ƙahoni gare su, wasu gajeru, amma ba irin fararen shanun nan masu tozo ba ne da kake ganin ana korawa kasuwar Sara. Da wannan zane masana suke kafa hujja a kan irin shanun da aka taɓa kiwo a ƙasarmu kafin masu tozo su cika ta. Mutumin da ya yi shi ba shi da takarda, ba shi da fensir, sai ɗan jan launi da jikin dutse. Amma ya zauna da sanuwarsa har ya san ta, ya zana ta yadda take. Da a ce shanun wata ƙasa ya kwaikwayo, da aikinsa ya tsaya a ado. Da yake gaskiyar idonsa ya zana, sai ya zama shaida, ana ta karanta shi har yau.

Mu a yarintarmu babu wanda ya ce mana ga wani abu wai shi darasin zane, amma zane ya kewaye mu. Alƙalamin da muka fara riƙewa na makarantar allo ne, tawadar kuwa ta zuge da ƙaro, kuma a wurin fiƙe alƙalami da ja da baƙi a kan allo hannuna ya fara koyon natsuwa. Ranar da za a yi saukar wani, mukan zagaye mai zayyana muna kallon yadda yake raba allo gida-gida, ya cika kowane gida da ja da rawaya da kore ba tare da wani ya shiga wani ba. Akwai mai zanen ƙwarya, akwai maɗinkin da ke zaune a zaure yana fitar da aska takwas a gaban riga, akwai maginin da ke yi wa ƙofar gida dagi da laka tun tana ɗanya. Da damina mu gina shanun laka mu kafa musu ƙahon ƙaya, da kaka mu yi motar kara. Duk waɗannan makaranta ce, kuma har yanzu ba a rufe ta ba, ɗalibai ne suka yi ƙaranci.

Hoto mai motsi a majigi na fara ganinsa, lokacin da motar hukuma kan zo a kafa farin ƙyalle a fili bayan isha'i, gari kaf ya fito. Washegari sai mu yanka kwali mu fitar da doki da mahayi, mu kunna fitilar ƙwai a ɗakin da babu kowa, mu riƙa motsa su inuwarsu na tafiya a bango. Da na tasa sai mujallar African Film ta shigo hannunmu, wajen ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon 1970, mai labarin jarumin nan Lance Spearman. Hotunan mutane ne na gaske aka jera, aka sa maganarsu cikin 'yan da'irori a saman kawunansu. Ko wanda bai iya Turanci ba yakan bi labarin daga farko har ƙarshe, kuma a nan na gane cewa jerin hotuna ma magana ce mai nahawunta. Bayan haka, a 1976 Wale Adenuga ya fito da Ikebe Super a Legas, inda aka san Papa Ajasco da iyalinsa. Abin da ya ɗaga wannan mujalla shi ne mutanen Legas sun buɗe ta sun ga kansu, da tufafinsu da rigimarsu da irin bakinsu, har labarin ya tashi daga takarda ya koma talabijin.

Da na je Kano neman abinci, babu irin aikin da ban taɓa ba: allon shago, bayan manyan motoci, fastocin rigakafi da na tsabta, sai bangon littattafan hikaya a lokacin da marubutan Kano suka cika kasuwa, daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa cikin 1990. A aikin fasta na ga abin da ya ƙara tabbatar mini da maganar da nake yi maka. Akan kawo fasta daga nesa, an buga ta da kyau, an kashe mata kuɗi, amma matar da ke ciki ta yi goyo yadda babu Bahaushiyar da ke yi, ta ɗaura zane yadda ba a ɗaurawa. Matan ƙauye su dube ta su wuce, don a wurinsu wannan saƙo na wasu ne. Idan aka sake zana ta da majanyi da mayafi, ga murhu ga randa a gefe, sai ka ga an tsaya ana nunawa ana tambaya. Wani lokaci lafiyar yaro tana rataye ne a kan ko mai zane ya lura da yadda uwarsa ke goyo.

Akwai mutumin da nake so ka riƙe sunansa, Mustafa Alhassan na Nijar, wanda duniya ta sani da Moustapha Alassane. An haife shi a 1942 a N'Dounga, kusa da Yamai. Tun yana yaro yake haɗa akwati da fitila yana nuna wa 'yan garinsu wasan inuwa da hotunan da ya zana da hannunsa, kuma sana'ar da ya fara koya kanikanci ce. A Yamai ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshe mai shirya fim, ta nan hanya ta buɗe masa ya je Kanada ya koyi zane mai motsi a wurin Norman McLaren, ɗaya daga cikin manyan gwanayen wannan fanni. Ka lura da abin da ya yi bayan ya ga ƙasar Turawa. Bai dawo yana zana ɓeraye masu safar hannu irin na Amurka ba. Kwaɗi ya ɗauka, irin waɗanda ke cika kududdufi da damina. Fim ɗinsa La Mort de Gandji ya sami lambar yabo a bikin fasahar baƙar fata na duniya da aka yi a Dakar a 1966. A shekarar ya fitar da Bon Voyage Sim, ɗan gajeren fim na shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki, inda ya nuna burgar sababbin masu mulkin Afirka ba tare da ya kama sunan kowa ba. A 1977 ya yi Samba le Grand da 'yan tsana, yana motsa su kaɗan-kaɗan yana ɗaukar hoto. Ya kuma yi Kokoa a kan kokawar gargajiya, wasan da ke tara dubban mutane a Nijar. Ya shekara 15 yana shugabantar sashen fim a Jami'ar Yamai, sannan ya zauna a Tawa, yana da masaukin baƙi, yana ci gaba da aikinsa a can nesa da babban birni. Ya rasu a Wagadugu a 2015, bayan shekara 2 aka yi bikin nuna fina-finansa a babban gidan adana fasahar zamani na birnin New York. Garin da ya fito bai fi Kiyako gata ba, kayan da ya fara da su kuwa wayar da ke aljihunka ta fi su nesa ba kusa ba.

Yanzu bari in gaya maka nauyin aikin, don kada ka shiga da ido rufe. Fim yana tafiya ne da hoto 24 a kowace daƙiƙa. Masu zane da yawa sukan bar kowane zane ya tsaya sau biyu, sai ya zama zane 12 a daƙiƙa. Ka lissafa: minti ɗaya zane 720 ke nan, fim na minti 5 kuwa zane 3,600. Lokacin da na taɓa irin wannan aiki, na wani ɗan saƙon faɗakarwa, gilashi muka ɗora a kan akwati muka sa ƙwan lantarki a ciki, muna ɗora takarda a kan takarda don mu hango zanen baya ta cikin na gaba. Akan fara da manyan tsayuwa, wato inda motsi ya soma da inda ya kai ƙarshe, sannan a cike tsakaninsu. In zane-zanen tsakiya suka matsu da juna motsin ya yi sanyi, in suka yi nisa ya yi sauri. In da magana, murya ake fara ɗauka, sannan a bi ta da baki, a rufe leɓe a inda mai magana ya rufe. Yau kwamfuta na sauƙaƙa shafa launi da cike tsakiya, wannan ni'ima ce, ban raina ta ba. Amma ba za ta gaya maka yadda abu ke motsi ba in kai ba ka sani ba.

To wa zai gaya maka? Ka fita ka duba. Raƙumi in yana tafiya ƙafafun gefe ɗaya yake ɗagawa kusan tare, shi ya sa yake rangaji da mahayinsa, jaki kuwa ba haka yake yi ba. Yarinya mai ɗauke da farantin talla, kafaɗa da ƙugu ne ke aiki, kai yana nan daram. Mata biyu a turmi ɗaya, taɓaryar wannan na sauka ta waccan na tashi, in kuma lugude ya yi daɗi sai a cilla taɓarya sama a tafa kafin a cafe. Dattijo mai babbar riga ba ya taku kaɗan bai naɗe hannunta a kafaɗa ba. Ɗan dambe yakan miƙa hannun da ba a naɗe ba yana auna abokin karawa, wanda aka naɗe yana can baya yana jira. Dubi yadda yaro ke durƙusawa gaida babba, da yadda babban ke kawar da kai kaɗan yana amsawa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da za ka samu a darussan intanet da ake koyarwa daga Tokyo ko Landan. Hatta na'urorin nan na ƙirƙirarriyar basira, da ake ba su umarni su fitar da hoto nan take, abin da aka tara musu suke juyawa, kuma kaɗan ne ƙwarai aka tara musu daga irin garuruwanmu. Abin da ka fi kowa da shi a wannan kasuwa shi ne abin da kake wucewa kullum ba ka kallo.

Saboda haka ga aikin da na ba ka kafin maganar kwamfuta ta taso. Ka sayi littafin rubutu marar layi ka sa shi a aljihu, kada rana ta faɗi ba ka zana wani abu mai rai ko marar rai daga ido ba: mahauci a rumfarsa, amalanken shanu, buhunan riɗi a bakin titi, hannun tsohuwa tana kaɗi. Bayan haka ka raba shafi gida huɗu ka ba da labari a cikinsu ba tare da kalma ko ɗaya ba, ka kai wa kakarka. In ta gane labarin ba ka buɗe baki ba, ka ci. In sai ka yi bayani, koma ka sake. Sannan ka samo tsohon littafi ka zana ƙwallo tana faɗowa tana tashi a kusurwar shafukansa, ka riƙa sakinsu da babban yatsa har ka ga ta yi nauyin ƙwallo. Wanda ya iya wannan ya kama tushen sana'ar, sauran duk ƙari ne. Sannu ba ta hana zuwa.

Labari ma kada ka je aro. Gizo da Ƙoƙi suna nan, da kura da dila da Ɓotorami, kuma yaran yanzu da yawa sun fi sanin katun ɗin ƙasashen waje a kansu, don babu wanda ya zana musu nasu. Ka zauna da tsofaffin gidanku ka saurara tun suna raye. Ka sa mutanen labarinka su yi Hausar da ake yi a ƙofar gidanku, ba wadda aka juyo daga wani harshe ba. Kada ka ɗauka babu masu so. Adamu Waziri ya zauna a Abuja ya ƙirƙiro Bino and Fino don yara su ga masu kama da su a allo, kuma iyaye har a ƙasashen waje suka karɓe shi hannu biyu-biyu. Ƙishirwar tana nan, ta masu jin Hausa ma ta fi tsanani.

Akwai kuma ladabin sana'a. Alƙalamin mai zane yana da kaifi, hoto ɗaya kan yi abin da dogon sharhi bai yi ba, kamar yadda kake gani a zanen Mustapha Bulama na jaridar Daily Trust idan ya taɓo halin da ƙasa ke ciki. In za ka yi barkwanci, ka soki hali, ka bar halitta. Kada ka mai da makaho ko gurgu ko mai taɓin hankali abin dariya, kada ka zana wata ƙabila ko wani addini da wulaƙanci, kada ka ɗauki fuskar maƙwabcinka ka sa a labari bai sani ba. Game da hukuncin zana abu mai rai, na san maganar za ta zo maka, mai yiwuwa ma ita ce ke cin mahaifinka a rai bai faɗa ba. Malamai sun yi magana a kai, sun kuma rarrabe tsakanin nau'o'i da manufofi. Kada ka ɗauki fatawa daga abokai ko daga Facebook. Ka je wurin malamin da ka yarda da iliminsa da tsoron Allahnsa, ka bayyana masa ainihin abin da kake yi da dalilinsa, ka tsaya inda ya tsayar da kai. Annabawa da sahabbai kuwa, alƙalaminka kada ya kusance su ko da wasa.

Ta fuskar kuɗi, ka sa sunanka da shekara a kan duk abin da ka zana, ka kuma adana na asali. Na ga abokan aiki da suka miƙa zanensu a kan alkawarin baki, aka yi ta buga shi shekara da shekaru, babu suna babu sisi. Duk wanda zai ba ka aiki, ku rubuta: nawa ne, yaushe za a biya, sau nawa za a buga, wa ke da zanen bayan an gama. Nijeriya tana da dokar haƙƙin mallaka da hukumar da ke kula da ita, amma doka ba ta iya taimakon wanda ba shi da takarda a hannu. Kada kuma ka saki gona. Wannan sana'a tana da rani tana da damina, kuma mai hatsi a rumbu ba a tilasta masa zana abin da zuciyarsa ta ƙi. In Allah ya hore, ka nemi sashen koyon zane na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, inda tun 1958, kafin makarantar ta zama jami'a, ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiya a kan cewa za su koyi dabarun Turai amma su gina aikinsu a kan gadon gidajensu. Ka je musu da littattafanka cike da Kiyako da Gwaram da Birnin Kudu, za su san ka zo da abin hannunka.

Abu na ƙarshe, ka nemi albarkar iyayenka a kan wannan hanya, kada ka bi ta da gardama. Ka riƙa nuna musu aikinka, ka tashi in an aike ka, kada zane ya sa ka makara salla ko ka bar musu noma su kaɗai. In suka ga natsuwa a tare da kai, su da kansu za su tsaya maka. Ni kuma zan yi magana da mahaifinka ya ba ka lokaci daga nan zuwa kaka. In ka cika littafinka ka kawo mini mu duba tare, ranar sai mu zauna mu uku a yi maganar kwamfuta da ta tafiya.

Allah ya yi maka albarka, ya sa wa hannunka albarka, ya sa abin da za ka zana ya amfani mutane, ya tsare ka daga wanda za ka yi nadamarsa duniya da lahira. Amin.

Baffanka.